Bargon Ƙashina da Sharaɗin Gwaggo

Laraba, 10 ga Mayu, 2023

Mun dawo Safana daga Kano da la'asar. A tasha na sayi wannan littafin, don ba ni da wanda zan faɗa wa, in kuma ban faɗa ba ƙirjina zai fashe.

Likita Tayyib ya zaunar da mu ni da mijina Yaya Salisu. Ya ce maganin da aka yi wata huɗu ana ɗura wa Yaya ta jijiya ya kwantar da kansar jinin, amma bai kashe ta ba. Irin tasa mai dawowa ce. Mafita ɗaya, dashen bargo. A samo ɗan'uwan da jininsa ya dace, a ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikinsa a zuba wa Yaya. Akwai asibiti a Indiya da ya yarda, akwai kuma ƙungiyar da za ta ɗauki nauyi. Ya ce a yi sauri tun cutar tana kwance, in ta farka ba a dashe.

Ni ce na tambayi abin da Yaya ya kasa tambaya. Na ce likita, mai ƙanjamau ma ana yi masa? Ya ce ƙwarai, tunda yana shan maganinsa kullum har ƙwayar ba ta fitowa a awo, babu abin da zai hana. Yaya dai takalminsa yake kallo.

Shekara huɗu ke nan yana ɗauke da ƙanjamau ɗin. Shekara guda cur ya ɓoye mini, muna ɗaki ɗaya. Allah ne ya tsare ni, ya tsare 'yarmu Jannatu. Ban manta ba, kuma kada wanda ya ce mini in manta.

Asabar, 13 ga Mayu

An ɗebi jinin ƙanensa Bashar, su biyu ne kaɗai wurin uwarsu. Da likita ya ji auren zumunci ne, uwar Yaya ƙanwar babana ce, sai ya ce ni ma in miƙo hannu, ba a sani ba. Na miƙa don kada a ce na ƙi.

Talata, 30 ga Mayu

Ikon Allah! Na Bashar bai dace ba ko kaɗan. Nawa ne ya dace, rabi. Likita ya ce yanzu ana yi da rabin.

Ina cikin aji ina koya wa 'yan aji huɗu rabawa ya kira. Na fita bakin taga na saurara, na dawo na tarar na manta lissafin da na rubuta a allo da hannuna. Duk dangin nan, a rasa wanda za a ɗora wa sai ni.

Ya ce ba fasa ƙashi ake ba. Allura ce ta 'yan kwanaki, sannan a haɗa ni da na'ura, jinina ya fita ta hannu ɗaya, ta tsince abin da take so, saura ya dawo ta ɗayan. Na ce to.

Alhamis, 1 ga Yuni

Yaya ya wuni da waya a hannu. Ya karanta cewa a ƙasashen waje akwai 'yan tsirarun mutane da aka yi wa irin dashen nan saboda kansa, sai ƙanjamau ɗin ma ta bar su. Nan take ya kira likita. Likita ya ce masa kada ya sa rai, yawancinsu bargon wasu mutane na daban aka samo musu, masu wata halitta da ba kasafai ake samu ba. Kansar muke bi, maganinsa kuma zai ci gaba da sha.

Bai ji ba. Ya ce, “Mahfuza, in Allah ya yi, jininki ne zai wanke ni.” Na ce masa ni ba sabulu ba ce, ya tashi ya ci tuwonsa tun bai huce ba. Ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa tun kafin azumi.

Juma'a, 9 ga Yuni

Karare, ƙauyen su Yaya. Mun je sanar da Gwaggo Hansatu, don Yaya ya ce ba ya barin ƙasar nan ba da albarkar uwarsa ba. Daga Batsari muka hau babur, mai babur ɗin yana ta jaddada mana mu fito kafin la'asar saboda hanya.

Mun same ta tana ɓarar irin gyaɗa. Aka gaisa, aka sake gaisawa, ta tambayi Jannatu, ta tambayi 'yan makarantata. Kansar ta sani. Ɗayar ba ta sani ba, maganin hawan jini take zaton yake sha. Yaya ya yi mata bayani a hankali, tana ta gyaɗa kai, har ya zo kan cewa ni ce zan bayar. Sai ta ajiye ƙwaryar.

Ta ce, “Tsaya. Bargon wa za a sa ma?” Ya ce na Mahfuza. Ta ce, “Jinin da zai riƙa gudu a jikinka fa, na wa zai zama?” Shi kuma sarkin gaskiya a inda ba a nema, ya ce likita ya ce irin nawa zai koma.

Gwaggo ta yi salati. Ta ce nono ma da yake bi ta maƙogwaro ya wuce, yara biyu suka sha na mace ɗaya aure ya haramta tsakaninsu, balle bargo da ke cikin ƙashi? Ta ce in bargona ya shiga jikinsa na zama ƙanwarsa ciki ɗaya, zaman da za mu yi bayan nan zaman zina ne. Ko ya sake ni tukuna ya karɓa a matsayin 'yar'uwa, babu mai da aure har abada, ko ya bar bargon.

Na ɗauka wasa take. Na yi dariya ma, Allah ya yafe mini. Ta dube ni ta ce, “Ke ɗiyar wana ce, ba ƙinki nike ba. Wuta nike jiye muku.”

Lahadi, 11 ga Yuni

Mun je wurin Malam Hamidu, limamin unguwarmu. Bai ko ɗauko littafi ba. Ya ce shayarwa ce kaɗai ke haramtawa, ita ma sai cikin shekarun goyo. Jini ko bargo ba sa mai da mata ƙanwa, da haka ne da duk wanda aka yi wa ƙarin jini a asibiti ya cika gari da 'yan'uwa. Ya ce mu tafi a yi aiki, ceton rai ne.

Na ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Yaya ya ce, “Saura Inna.”

Litinin, 19 ga Yuni

Fasfo ya fito, nawa da nasa. Hotona kamar wadda aka kama da kayan sata.

Malam Hamidu ya yi wa Gwaggo bayani ta wayar Bashar, kusan rabin awa. Ta saurara har ƙarshe, ta yi masa godiya, ta sa masa albarka. Da aka kashe wayar ta ce wa Bashar malaman yanzu ba abin da ba su halattawa, ita a gaban ubanta ta ga an raba auren shekara goma saboda nono.

Na ce wa Yaya mu tafi kawai, in mun dawo da lafiya ta yi fushinta ta huce. Ya ce ba zai kwanta a gadon asibiti da bakin uwa a kansa ba. Na ce to ka sake ni mana. Ban faɗa da gaske ba, shi ma ya san ba da gaske na faɗa ba. Ya ce wannan kuma sai dai bayan ransa. Wai zai lallashe ta, Inna ba ta daɗewa a kan magana. Gwaggon da ta yi shekara bakwai ba ta taka gidan maƙwabciyarta ba saboda akuya!

Alhamis, 29 ga Yuni

Washegarin Sallah. Mun koma Karare da cinyar rago. An yi ruwa, gero ya fito, kowa yana gona har a ranar yawon Sallah.

Yaya ya durƙusa a gabanta, mutum mai shekara arba'in da ɗaya, kansa ba gashi ko ɗaya. Ya ce, “Inna, mutuwa fa zan yi.” Ta fashe da kuka, ta riƙe kansa, ta ce ita ba ta hana shi magani ba, ga hanya nan ta ba shi, takarda ce kawai. Sannan ta faɗi abin da nake tsoro. Ta ce in ya karɓi bargona da igiyar aurena a kansa, ba ta yafe masa nonon da ya sha ba.

Wallahi maganar ta zo mini har bakin leɓe. In ce Gwaggo, ɗan nan naki da kike tsarewa daga haram, kin san abin da ya kwaso ya kawo mini gida? Kin san wa ta rufa masa asiri, ta zuba ƙwayoyinsa a kwalbar maganin hawan jini? Na dubi wuyansa, duk jijiya. Na haɗiye.

Muka hau babur muka koma Batsari.

Talata, 4 ga Yuli

Likita ya kira. Ya ce asibitin can sun ba da rana sau biyu muna ɗagawa, me ake ciki? Na ce matsalar gida ce. Ya ce, “Malama, cutar nan ba ta san matsalar gida ba.”

Asabar, 8 ga Yuli

Kawu Barau na Yasore ne kaɗai Gwaggo ke jin maganarsa, shi ya rage a cikin iyayensu. Yaya ya aika masa. Amma mutanen daji sun tare hanyar tun ranar Laraba, ba shiga ba fita. An ce a jira mako mai zuwa.

Kullum a jira. Ni ma jiran nake taya su, ban san me ya sa ba. Shekara uku da suka wuce ni ce na tsaya a tsakar gidan nan da akwatina ina cewa ya ba ni takardata, ya ƙi, ya yi ta kuka har na kwance kayan. Yanzu ga takarda ana miƙo mini kyauta na kasa cewa a kawo. Ba don shi ba ne. Don dai ba zan yarda a kashe mini aure a kan abin da ba addini ba, shi ke nan.

Juma'a, 14 ga Yuli

Da safe yana goge baki na ga jini a buroshin. Ya juya mini baya da sauri. Na kama hannunsa na ɗage rigar, ga tabo shuɗi-shuɗi har biyu a damtse, irin na farkon ciwon.

Ban je makaranta ba. Na yago takarda daga littafin shirin darasina, na ajiye masa da biro. Na ce rubuta. Ya ce Mahfuza. Na ce kada ka Mahfuza ni, rubuta! Ka ƙi saɓa wa uwarka, ka ƙi sakina, to me kake so, in zauna in kalle ka kana narkewa? Na gaya masa maganganu da yawa. Na ce shi matsoraci ne, tsoro ne ya sa ya ɓoye mini cuta shekara guda, tsoro ne kuma zai kai shi kabari. Jannatu tana makaranta, Allah ya taimake ni.

Bai rubuta ba. Ya tafi masallaci.

Lahadi, 16 ga Yuli

Ya rubuta. Saki ɗaya. Sunana ma a karkace ya rubuta shi.

Bashar ya kai wa Gwaggo, ya karanta mata. Ta sa ya maimaita. Ta ce Allah ya yi mana albarka mu duka, Allah ya ba da sa'ar aiki, ta aiko mini da man shanu da kuka wai in ƙara jini kafin tafiya.

Na kwashe kayana na koma ɗakin Jannatu, a nan zan yi idda. Ta tambaye ni ko rufin ɗakinmu ne ke yoyo. Na ce e.

Litinin, 24 ga Yuli

Kano, awon ƙarshe kafin tafiya. Jirgi ranar biyu ga Agusta.

Likita ya daɗe bai kira mu ba. Da ya kira, bai ce mu zauna ba, shi ma bai zauna ba. Kansar ta dawo. Ta cika bargon. Ya ce ba a dashe a haka, sai an sake kwantar da ita, kuma a karo na biyu ba kasafai take kwanciya ba.

Na ce likita, da mun tafi a watan jiya fa? Ya ce shi ba ya iya rantsuwa a kan abin da bai faru ba. Na ce ba rantsuwa na tambaye ka ba. Ya ce, “Da an yi.”

Laraba, 26 ga Yuli

An kwantar da shi. An fara sabon magani, amai kawai yake.

Ma'aikaciyar jinya tana cike takarda ta ce me nake gare shi. Yaya ne ya amsa daga gado, ya ce uwar 'yarsa ce.

Lahadi, 30 ga Yuli

Zazzaɓi kwana uku. Bakinsa duk gyambo, ko kunu ba ya wucewa. Ƙwayar maganin ƙanjamau ɗin sai na niƙa a cokali na jiƙa. Ya ce me amfaninta yanzu. Na ce shekara uku ban bari ka tsallake rana ɗaya ba, ba yau za ka fara mini ba, buɗe baki.

Ina kallon hannuna, ga jijiyar da aka ce za a sa allurar. Lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ba na yi. Abin da yake nema yana nan cikin ƙashina, taku biyu daga gadonsa.

Alhamis, 3 ga Agusta

Da hantsi likita ya ce maganin bai kama ba, sun tsayar. Za su riƙa rage masa zafi kawai.

Bashar ya fita kiran gida. Muka rage mu biyu. Yaya ya yafito ni, na sunkuya don muryar ta tafi. Ya ce, “Tunda ba a sa bargon ba, ai ba ki zama ƙanwata ba. Na mai da ke.”

Ni kuma, Allah wadan bakina. Na ce wa ya gaya maka ina son dawowa? Ka bari ka warke tukuna mu yi wannan shari'ar. Na gyara masa matashi da ƙarfi, na ɗauki fulas na fita neman ruwan zafi. Na daɗe a layin. Da na dawo ya yi barci.

Asabar, 5 ga Agusta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan azahar. Tun ranar Alhamis bai sake magana ba.

Asabar, 12 ga Agusta

An yi addu'ar bakwai a nan Safana. Gwaggo tana nan tun ranar jana'iza, ta koma rabin yadda take.

Kwana bakwai ina shirya abin da zan gaya mata. Na tsara shi kalma-kalma: tara ga Yuni zuwa sha shida ga Yuli, mako biyar da kwana biyu, ke kika ci su. Da mutane suka watse ta kira ni ɗakin baƙi. Ta ce in rufo ƙofa. Ta ce, “Mahfuza, ke kika yi boko, ke kika ji bakin likita. Don Allah ki gaya mani. Da na yarda tun ran farko, da yana nan?”

Hannunta yana kan gwiwata, sanyi ƙarara. Na ce a'a Gwaggo, likita ya ce ko da mun tafi tun Mayu ba abin da zai canja, kwana ne ya ƙare. Ta ce ki rantse. Na ce Gwaggo ba a rantsuwa a gidan makoki, ki dai yarda da ni. Ta sauke numfashi, ta yi ta hamdala tana kuka.

Ban san wa ya yi wannan maganar da bakina ba. Kuma in za a ƙidaya makonnin nan, ai ba ita kaɗai ta ci su ba. Takarda da biro suna cikin jakata tun tara ga Yuni.

Sannan ta ce tunda ya riga ya sake ni, ba sai na wahalar da kaina da takaba ba. In ƙarasa iddata, in koma gidan babana a Batsari in huta, ni yarinya ce. Da kyakkyawar niyya ta faɗa. Na san hukuncin, wadda miji ya rasu tana cikin iddar saki ɗaya takaba ta hau kanta ko ta so ko ta ƙi, kuma da wannan zan iya rufe mata baki. Ba shi na faɗa ba. Na ce, “Ya mai da ni, Gwaggo. Ranar Alhamis.” Ta ce wa ya ji? Na ce ni.

Ta daɗe tana kallona. Ta ce to Allah ya ba ki haƙurin zama.

Talata, 22 ga Agusta

Kwana goma sha bakwai cikin wata huɗu da kwana goma. Ba kwalli, ba turare, zane ɗaya nake juyawa da wani. Hutun makaranta ne, babu inda zan je.

Sauran ƙwayoyinsa na ba Bashar a leda a ɗaure, na ce maganin hawan jini ne, ya mai da wa likita ko wani zai amfana. Gwaggo ta koma Karare ranar Lahadi, an ce gero ya fara fidda kai.

Na mai da kayana ɗakinmu. Don dai can ya fi iska, kuma Jannatu tana shure-shure a barci.

Yau da hantsi ina share ƙarƙashin gadon, na zaro takalminsa ƙafa ɗaya. Ina durƙushe da tsintsiya a hannu na ji bakina ya ce, “To, na dawo.” Da ƙarfi ma na faɗa, kamar yana tsakar gida. Jannatu ta leƙo ta ce Umma da wa kike magana? Na ce ba kowa, je ki ɗauko mini abin kwasar shara.